Ibn Khaldun: Baƙon Da Ya Gano Abin Da Ke Riƙe Jama'a



Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, da salati ga fiyayyen halitta (SAW), 'yan'uwa maza da mata, a filin tarihin magabata na wannan Juma'a mun ɗauko muku malamin da kusan kowa ya taɓa jin sunansa, amma kaɗan ne suka san irin rayuwar da ya yi. Wannan malami shi ne Ibn Khaldun. Mun zaɓe shi ne saboda dalili guda. Shi ma baƙo ne kamar mu. Kakanninsa baƙi ne, shi kansa ya ƙare rayuwarsa a ƙasar da ba tasa ba, kuma tambayar da ya sa a gaba ita ce wadda dattawanmu ke yi kullum bayan sallar La'asar: me ke haɗa kan jama'a har su yi ƙarfi, kuma me ke sa jikoki su watsar da abin da kakanni suka tara?

Asalinsa da ƙuruciyarsa

Sunansa Abdurrahman ɗan Muhammadu, ana yi masa alkunya da Abu Zaid. An haife shi a birnin Tunis ranar 1 ga watan Ramadan shekara ta 732 bayan Hijira, daidai da 27 ga Mayu 1332 miladiyya. Don mu gane zamanin, shekara 8 ke nan bayan hajjin Mansa Musa na Mali, kuma ya yi zamani da Sarkin Kano Yaji.

Danginsa sun ce asalinsu Larabawan Hadramaut ne a ƙasar Yaman, suna kai nasabarsu ga sahabi Wa'ilu ɗan Hujru (RA). Daga can suka shiga Andalus, wato Sifaniya ta yau, suka zauna a Ishbiliya shekaru aru-aru har suka zama manyan gari. Da suka ga alamar garin zai faɗa hannun Kiristocin Kastila, sai suka tattara suka haye teku kafin a ci shi a 1248. Suka ɗan zauna a Sabta, daga baya suka sauka a Tunis. Kakan mahaifinsa na kusa ya riƙe baitulmali, kuma a kan siyasa aka kashe shi. Mahaifinsa kuwa ya guje wa fada, ya rungumi karatu.

A gida irin wannan yaron ya tashi. Ya haddace Alƙur'ani da ƙira'o'insa, ya karanta Muwaɗɗa ta Imamu Malik, da fiƙihu, da nahawu, da waƙoƙin Larabawa. A 1347 sarkin Maroko Abul Hasan ya ci Tunis, ya zo da tawagar malamai. A cikinsu akwai Al-Abili, mutumin Tilimsan, wanda ya koya wa yaron manɗiƙi da lissafi da falsafa. Kafin ya cika shekara 20 har ya rubuta littafinsa na farko, Lubabul Muhassal, inda ya taƙaita wani littafin tauhidi na Fakhruddin Ar-Razi.

Amma kafin nan sai da ya ga tashin hankali. A 1348 zuwa 1349 babbar annobar nan da ta share mutane daga Asiya har Turai ta sauka a Tunis. Ta ɗauke mahaifinsa da mahaifiyarsa da malamansa da dama, yana ɗan shekara 16 zuwa 17. Ya ga unguwanni sun zama kufai, kasuwanni sun mutu, gidajen sarauta sun raunana. Wannan abu bai taɓa barin zuciyarsa ba. Daga baya ya rubuta cewa bayan annobar duniya ta sake kama gaba ɗaya, don haka dole a sake rubuta tarihinta.

Shekara 25 a ƙofar sarakuna

Aikinsa na farko a fadar Tunis ƙarami ne: shi ke rubuta kalmomin godiya ga Allah da babban alƙalami a saman takardun sarki. Bai daɗe ba ya sulale ya nufi yamma. A 1354 ya isa Fas, ya shiga cikin magatakardan Sarki Abu Inan. A 1357 aka zarge shi da haɗa baki da wani yarima na Bijaya da ke tsare a garin, aka jefa shi kurkuku. Ya yi kusan shekara 2 a ciki, sai bayan rasuwar sarkin aka sake shi. Sabon sarki, Abu Salim, wanda Ibn Khaldun ya taimaka wa ya hau gado, ya ba shi riƙon asirin fada, daga baya ya ɗora shi kan sauraron ƙararrakin zalunci.

Da aka kashe Abu Salim, sai ya haye zuwa Garnaɗa a ƙarshen 1362, wurin Sarki Muhammadu na biyar da wazirinsa, shahararren marubuci Ibnul Khaɗib. A 1364 aka aike shi Ishbiliya ya ƙulla sulhu da Sarki Pedro na Kastila. Ku duba ikon Allah: ya shiga garin kakanninsa a matsayin ɗan aike. Pedro ya yi masa tayin ya zauna, a mayar masa da dukiyar gidansu. Ya yi godiya, ya ƙi, ya koma.

Zamansa da waziri ya fara tsami, sai ya tafi Bijaya a 1365, inda tsohon abokinsa, yariman nan, ya zama sarki ya naɗa shi babban waziri. Da safe yana fada, da rana yana karantarwa a masallaci. Shekara guda tak aka kashe sarkin a yaƙi da ɗan'uwansa na Ƙusanɗina. Ibn Khaldun ya fita ya miƙa garin ga wanda ya ci yaƙin, ba da jimawa ba shi ma ya tsere masa. Shekarun da suka biyo baya ya yi su ne yana yawo tsakanin ƙabilun Larabawan daji, yana tara wa wannan sarki mayaƙa yau, gobe ya tara wa wancan.

Ba za mu ɓoye ba, jama'a, a wannan zango na rayuwarsa ya sauya iyayen gida da yawa, kuma har yau masana suna yi masa magana a kan haka. To amma a nan ne ya ga abin da ba a gani a cikin littafi. Ya kwana a tantin makiyaya, ya kwana a fada, ya kwana a kurkuku. Ya ga yadda mutanen daji marasa komai suke cin birni mai ganuwa. Ya kuma ga ƙarshen masu wannan harka: an shaƙe abokinsa Ibnul Khaɗib a kurkukun Fas, ƙaninsa Yahya ma, wanda yake magatakardan sarkin Tilimsan, kashe shi aka yi.

Wata biyar a Ƙal'atu Ibn Salama

A 1375 sarkin Tilimsan ya sake aikensa wurin ƙabilu. Wannan karon bai dawo ba. Ya nemi mafaka wurin ƙabilar Aulad Arif, suka sauke shi da iyalinsa a wani gidan tsaro da ake kira Ƙal'atu Ibn Salama, kusa da garin Faranda a yammacin Aljeriya ta yau. Ya yi kusan shekara 4 a wurin, ba fada, ba kasuwa, ba manyan ɗakunan littattafai.

Niyyarsa ya rubuta tarihin Larabawa da Barbar. Sai ya ga ba zai iya ba sai ya fara bayyana yadda ake gane labarin gaskiya da na ƙarya. Wannan gabatarwa ita ce Muƙaddima, wadda ya gama rubutun farko nata cikin wata 5 a shekara ta 1377, yana ɗan shekara 45. Ya ci gaba da gyara ta har ƙarshen rayuwarsa. Babban littafin kuwa sunansa Kitabul Ibar, wanda a bugun Bulaƙ na Masar ya kai mujalladi 7.

Ya kira abin da ya zo da shi ilmin umran, wato ilmin zaman jama'a da rayuwar ƙasa. Ya raba Muƙaddima babi 6: zaman ɗan Adam gaba ɗaya, rayuwar mutanen daji, mulki da sarauta, birane, sana'o'i da hanyoyin neman abinci, sai ilmi da yadda ake koyar da shi. Bari mu ɗauki abubuwa huɗu daga ciki.

Na farko: a auna labari kafin a ɗauka

Ya lissafa dalilan da ke sa ƙarya ta shiga tarihi: son ɓangare, da yarda da mai ba da labari ido rufe, da rashin gane manufar abin da aka gani, da fadanci ga masu mulki. Amma babban dalili a wurinsa shi ne rashin sanin yadda al'amuran jama'a suke tafiya. Ya ce kafin ka tambayi wa ya faɗa, fara tambayar ko abin zai yiwu.

Ya kawo misali da abin da Mas'udi da wasu suka rubuta, cewa mayaƙan Bani Isra'ila a zamanin Annabi Musa (AS) sun kai 600,000. Ya ce a tsaya a yi lissafi. Wane fili ne zai ɗauki wannan runduna a jere? Daular Farisa da duk girmanta ba ta tara ko kusa da haka ba a yaƙin Ƙadisiyya. Kuma tsakanin Annabi Yaƙub da Annabi Musa iyaye kaɗan ne, zuriya ba ta yaɗuwa haka cikin ɗan wannan lokaci.

Mu da muke zaune a tsakiyar wasu ƙabilu mun fi kowa sanin abin da jita-jita ke jawowa. Saƙo ɗaya a WhatsApp, an ce an kashe mutum kaza a gari kaza, kafin Magariba an rufe shaguna, mata sun fara ɗaure kaya. Ma'aunin da wannan malami ya kafa shekara fiye da 600 da suka wuce yana nan da amfaninsa: wa ya gani da idonsa, me mai yaɗawa zai samu, kuma shin abin ma zai yiwu?

Na biyu: asabiyya

Wannan ita ce kalmar da aka fi saninsa da ita. Abin da yake nufi shi ne ƙarfin zumunci da ke sa mutum ya ji ciwon ɗan'uwansa kamar nasa, ya tsaya masa ko da zai yi asara. Ya ce tushenta jini ne, amma ba jini kaɗai ba. Doguwar cuɗanya, da alƙawari, da zama tare cikin wuya suna haifar da ita. Ya san shari'a ta zargi asabiyya, sai ya bayyana cewa abin zargin shi ne taimakon ɗan'uwa a kan ɓata da alfahari na jahiliyya. Haɗin kai a kan gaskiya kuwa, ba abin da ke tsayuwa sai da shi. Ya ƙara da cewa addini yana ninka wannan ƙarfi, don yana cire hassada da gasa daga zukata.

Daga nan ya bayyana yadda dauloli ke tashi su faɗi. Mutanen da wuya ta haɗa kansu su ne suke kafa mulki. Tsara ta farko ta san yunwa, ta san tafiyar dare, kowa na da hannu a nasarar. Tsara ta biyu ta tashi cikin daɗi, mulki ya koma hannun mutum ɗaya, amma ta ga iyayenta, don haka da sauran abu a jikinta. Tsara ta uku ba ta san komai ba sai jin daɗi, sai ta koma hayar waɗanda za su kare ta. Ya ƙiyasta kowace tsara da shekara 40, ya ce galibi daula ba ta wuce shekara 120 da ƙarfinta, ko da sunanta ya ci gaba.

Ya yi irin wannan bayani a kan gida guda. Ya ce martabar gida takan ƙare a mutum na huɗu. Na farko shi ya gina, ya san abin da ginin ya ci masa. Ɗansa ya koya daga bakinsa da hannunsa. Jika yana kwaikwayo ne kawai, bai san dalili ba. Na huɗu kuwa yana zaton girman nan haƙƙinsa ne na haihuwa, sai ya raina mutanen da suka ɗaga gidan, su kuma su juya masa baya.

To jama'a, wa zai karanta wannan bai tuna da wani gida da ya sani ba? Iyayenmu sun zo Kudu da sanda da buzu, wasu a ƙasa suka biyo shanu, wasu a saman kayan jirgin ƙasa. Mai gida ya sauke baƙo, ya ciyar da shi, ya tsaya masa a kan bashi ba takarda ba sa hannu. Goro ya tafi Arewa, shanu suka zo Kudu, duk a kan amana. Wannan ita ce asabiyyar da ta gina unguwanninmu. Yanzu a yawancin gidaje muna tsara ta uku ne, wasu ma ta huɗu.

Na uku: kasuwa da haraji

Babi na biyar kamar don 'yan kasuwa aka rubuta shi. Ya ce asalin dukiya aikin ɗan Adam ne, gari yana arziki ne gwargwadon yawan masu aiki da sana'a a cikinsa. Ya ce ɗan kasuwa mai wayo yakan ɗauki kayan da kowa ke buƙata, masu matsakaicin kyau, don mai tsada sosai masu sayensa kaɗan ne. Ya ce kayan da aka kai nesa ta hanya mai haɗari sun fi riba, ya ba da misali da fataken da ke ratsa Sahara zuwa ƙasar Sudan, wato ƙasashenmu na baƙar fata, ya ce suna cikin mafi arzikin mutane. Ya gargaɗi masu ɓoye abinci suna jiran tsada, ya ce ƙarshen ribarsu asara ce. Bai kuma raga wa 'yan kasuwa ba, ya ce yawan ciniki da jayayya da rantsuwa yana cin mutuncin mutum in bai kiyaye ba.

A kan haraji, ya lura cewa a farkon daula kuɗin da ake ɗora wa mutane kaɗan ne amma abin da ake tarawa da yawa, a ƙarshenta kuwa harajin ya yi nauyi amma abin da ke shiga baitulmali ya ragu. Dalili shi ne idan manomi da ɗan kasuwa suka ga wahalarsu wani ke cinyewa, sai gwiwarsu ta yi sanyi su daina. Ya ce idan sarki ya shiga kasuwanci da kansa, talakawa sun shiga uku, don ba mai iya gasa da shi. Kuma ya ce zalunci shi ke rushe ƙasa, ya faɗaɗa ma'anarsa har ta haɗa da karɓar kuɗin da shari'a ba ta ɗora ba, da sa mutane aikin tilas, da tilasta musu sayarwa da araha. Duk wanda ya taɓa rako tirelar shanu ko ta albasa daga Arewa ya ƙirga shingayen hanya, ba sai an yi masa sharhi ba.

Na huɗu: karantar da yara

Ya ce a koyar da ilmi kaɗan-kaɗan, a bi fanni sau uku: a fara da jimla, a dawo da bayani, sannan a warware masu wuya. Ya soki cika wa ɗalibi kai da taƙaitattun littattafai masu ƙulli tun bai yi ƙwari ba. Ya kuma yi magana mai nauyi a kan duka da tsanani. Ya ce yaron da aka rena da tsoro yakan koyi ƙarya da munafunci da kasala, don ya saba ɓoye abin da ke ransa saboda gudun bulala. Muna roƙon malaman Islamiyyarmu da iyaye mu duba wannan da idon basira.

Abin da ya rubuta a kan ƙasashenmu

A cikin Kitabul Ibar akwai jerin sarakunan Mali: Mari Jata, da Mansa Wali, da Sakura, da Mansa Musa da hajjinsa na 1324, da Mansa Sulaiman, har zuwa na zamaninsa. Bai taɓa zuwa can ba, amma ya tambayi waɗanda suka sani, cikinsu har da Shehu Usman, malamin mutanen tsohuwar Gana, wanda ya haɗu da shi a Masar a 1394 yana kan hanyar hajji. Har yau masu binciken tarihin Mali da wannan jeri suke dogara. Ya kuma kawo labarin raƙumin dawa da sarkin Kanem da Barno ya aika wa sarkin Tunis a 1257, da wanda Mali ta aika Fas a zamanin Abu Salim, mutane suka yi dafifi suna kallo.

A nan ma akwai gyara. Ya ƙaryata masu cewa baƙar fata ta samo asali ne daga la'anar da aka ce Annabi Nuhu (AS) ya yi wa ɗansa Ham, ya ce zafin ƙasa ne ke sa launi. Wannan ya yi daidai da ya ƙi tatsuniyar. Amma kuma ya maimaita maganganun raini da ya gada daga littattafan da suka gabace shi a kan baƙaƙen da ke kudu da Mali, mutanen da bai taɓa gani ba. Wato shi ma ya faɗa ramin da ya gargaɗi wasu a kansa. Malami ne babba, amma ba ma'asumi ba ne.

Baƙunci a Masar

A 1378 ya koma Tunis don yana buƙatar littattafai. Ɗalibai suka yi masa caa, abin da bai yi wa babban malamin garin, Ibn Arafa, daɗi ba. Da zama ya yi zafi, sai ya nemi izinin tafiya hajji. Ya shiga jirgin ruwa a 1382 ya sauka Iskandariyya, daga nan ya wuce Alƙahira. Yana da shekara 50, kuma bai sake ganin garin haihuwarsa ba.

Ya fara karantarwa a Azhar. Sarki Barƙuƙ ya ba shi makarantar Ƙamhiyya, a 1384 kuma ya naɗa shi babban alƙalin Malikiyya, mazhabar da mu ma muke bi. Ya tarar da shaidun zur da cin hanci da alfarmar manya sun cika kotu. Ya sa ƙafar wando ɗaya da su, nan da nan ya tara maƙiya. An kuma ruwaito cewa bai yarda ya ajiye tufafinsa na mutanen Magrib ya sa irin na alƙalan Masar ba.

A wannan shekarar ce babbar jarrabawa ta same shi. Sarkin Tunis ya riƙe iyalinsa don ya tilasta masa dawowa, sai da Barƙuƙ ya rubuta takarda aka sake su. Jirgin da ya ɗauko su ya nutse dab da Iskandariyya. Marubuta tarihi sun ce matarsa da 'ya'yansa mata 5 suka rasu a ciki, tare da dukiyarsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a tasha yana jiran motar da ta ɗauko iyalinsa daga gida ya san abin da ake nufi. Ba da jimawa ba aka sauke shi daga alƙalanci. Sai a 1387 ya samu ya sauke faralin da ya fito dominsa.

Siyasa ba ta ƙyale shi ba. A 1389 aka yi wa Barƙuƙ tawaye, aka tara malamai suka sa hannu a fatawar da ta halatta yaƙarsa, har da Ibn Khaldun. Da Barƙuƙ ya dawo mulki, sai ya raba shi da shugabancin zawiyar Baibars. Ya koma karantarwa da gyaran littafinsa. Cikin waɗanda suka zauna gabansa akwai Maƙrizi, wanda ya zama babban marubucin tarihin Masar.

A ƙarshen 1400 ya raka Sarki Faraj, ɗan Barƙuƙ, zuwa Dimashƙa don tare Taimur Lang, mayaƙin da ya riga ya ragargaza Halab. Sarkin ya ji ƙishin-ƙishin ɗin juyin mulki a gida, ya juya ya bar garin. A watan Janairu 1401 aka zura Ibn Khaldun da igiya ta kan ganuwa, dattijo mai kusan shekara 70, ya je sansanin Taimur. Ya yi fiye da wata guda yana zama da shi ta bakin tafinta. Taimur ya sa shi ya rubuta masa bayanin ƙasashen Magrib, ya kuma sayi alfadarinsa. Duk da haka an washe Dimashƙa, wuta ta ci babban masallacinta. A hanyar komawa 'yan fashi suka tare shi suka kwashe masa komai. Duk wannan shi da kansa ya rubuta a littafin tarihin rayuwarsa, At-Ta'arif.

Sau 6 ana naɗa shi alƙali, sau 5 ana sauke shi. Yana kan kujerar ne a karo na shida Allah Ya karɓi abinsa, a watan Ramadan na 808, daidai da 17 ga Maris 1406. A Ramadan ya zo, a Ramadan ya koma, yana da shekara 76 a lissafin Hijira. Aka binne shi a maƙabartar Sufaye da ke bayan ƙofar Babun Nasr a Alƙahira, nesa da Tunis, nesa da Ishbiliya, nesa da Hadramaut.

Bayan rasuwarsa malaman daular Usmaniyya sun karanta shi sosai suna neman dalilin raunin daularsu, har suka fassara shi da Turkanci. An buga Muƙaddima da Larabci a birnin Paris a 1858, aka fassara ta da Faransanci, sannan da Ingilishi a 1958. Yau ana karanta ta a jami'o'in duniya a fannin tarihi da tattalin arziki da ilmin zaman jama'a.

Abin da ya rage gare mu

Ibn Khaldun bai ce wuya alheri ce ba, bai kuma ce a guji arziki ba. Abin da ya nuna shi ne, abin da wuya ta haɗa, daɗi yana iya raba shi ba tare da an ji ƙararsa ba. Ba ranar da gida ya rushe ne ya fara lalacewa ba. Ya fara ne ranar da yaro ya daina sanin sunan maƙwabcin da ya tsaya wa kakansa.

Shi ya sa muke kira ga iyaye: a riƙa zaunar da yara ana ba su labarin yadda aka zo garin nan, wa ya sauke mu, wa ya ba mu bashin farko, har da mutanen gari da suka ba mu wurin zama suka riƙe amanar maƙwabtaka. A kai su shago su ga yadda ake samun kuɗin makarantarsu. A kai su gida Arewa su san danginsu. Matasa kuma, zumunta a ƙafa take. Gaisuwar mara lafiya, da zuwa jana'iza, da sa hannu a asusun masallaci, da sauke baƙon da ya sauka tasha bai san kowa ba, su ne igiyar da ta ɗaure tsintsiyar nan. In ta tsinke, ba mai share mana ɗaki.

Allah Ya jiƙan Abdurrahman Ibn Khaldun, Ya yafe masa kurakuransa, Ya saka masa da alheri a kan ilmin da ya bari. Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, waɗanda ke kwance a nan da waɗanda ke kwance a gida. Allah Ya haɗa kanmu a kan gaskiya, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa albarka a kasuwanninmu da zuriyarmu. Amin.

Juma'a mai albarka.

Sakataren Masallaci